MOTA DA HANYA: Shuɗiyar waya mai fuska biyu

Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. In akwai wurin da wannan magana ta zauna daram, to wurin haɗa wutar mota da ta remok ne, wato amalanken ƙarfen nan da ake ɗaura wa Hilux ko Land Cruiser a baya domin jan buhunan albasa, tankin ruwa ko injin wuta. Ɗan kasuwa kan ɓata yini yana duba ƙugiya da tayoyi, amma ya bar maganar wayoyi a hannun yaron gareji, ya haɗa ja da ja, kore da kore. Alhali kuwa a nan hatsarin yake kwance.

Dalili shi ne, motoci da remok ɗin da suka shigo ƙasar nan ta Kwatano da Lome ba gida ɗaya suka fito ba. Wasu na Turai ne, wasu na Amurka, kuma kowane gida da tasa ƙa'ida.

A ƙa'idar Turai, wadda ake kira ISO 1724, piriz ɗin bayan mota yana da baki 7. Waya rawaya ta fitilar kwanar hagu ce, koriya ta kwanar dama, ja ta fitilar birki, baƙa da mai ruwan ƙasa na fitilun dare ne na hagu da dama, fara ita ce mas, wato wadda ke mai da wuta zuwa batir. Shuɗiya kuwa ta fitilar hazo ce ta baya. Akwai kuma sabon piriz mai baki 13, wanda ya ƙara fitilar ja da baya da wutar batir.

A ƙa'idar Amurka ma akwai piriz mai baki 7, kuma nan ma fara mas ce. Amma shuɗiya ba ta kunna wata fitila: ita ce ke kai wuta ga birkin remok. Sauran launuka kuwa sukan bambanta daga maƙeri zuwa maƙeri. Ƙari a kan haka, yawancin remok ɗin Amurka ƙwai ɗaya ke aikin kwana da na birki, shi ya sa sai an sa ɗan akwatin da ke haɗa saƙon biyu in motar ta Turai ce.

Tun da kan wayar Amurka ba ya shiga piriz ɗin Turai, abin da aka saba shi ne a yanke shi a ɗaura wayoyi launi da launi. To, a ce an yi haka, shuɗiya ta haɗu da shuɗiya. Da rana lafiya lau. Ranar da hunturu ya sauko, hazo ya rufe hanya tsakanin Ƙonni da Maraɗi, direba ya kai hannu ya kunna fitilar hazo, sai wutar volt 12 gaba ɗaya ta afka wa birkin remok. Tayoyi su cije ana tsakiyar gudu, kaya su fizgi mota. In kuma remok ɗin na fitilar hazo ne aka ɗaura shi ga wayar birki, direba na zaton ya haɗa kome, ashe ƙwai kawai yake kunnawa.

Wajibi ne mai mota ya fara sanin irin birkin da remok ɗinsa ke da shi. A dokar ƙasashen Tarayyar Turai, duk remok da nauyinsa da kaya ya wuce kilo 750 sai yana da birkin kansa. Galibinsu, har zuwa kilo 3.500, birkinsu ba ya son wuta: in mota ta rage gudu, remok ya turo, ƙarfen wuyansa ya shige ciki ya ja igiyar birki. Irin wannan ba ya bukatar kome sai fitilu. Na Amurka kuwa maganaɗisu ne a cikin kowace ƙafa, mai cin wajen ampiya 3, kuma ba ya kamawa sai an dasa akwatin sarrafa birki kusa da direba.

Wannan akwati waya 4 gare shi. Baƙa tana zuwa kan batir mai alamar ƙari, ta bi ta cikin makatsar wuta ta ampiya 20 ko 30, irin wadda ke mai da kanta in ta huce. Ba a sa fizibil a madadinta, don fizibil in ya ƙone ya ƙone, remok ya rasa birki har sai an sauya. Fara tana zuwa kan batir mai alamar ragi. Ja ana haɗa ta da makunnin fitilar birki, ta gefen da wuta ba ta zuwa sai an taka. Shuɗiya ita ce ke bin ƙarƙashin mota har piriz, kuma sai kakkaura, domin siririyar waya tana zafi, ta cinye ƙarfin wuta kafin ta kai ga ƙafafu. Akwatin iri biyu ne: wani na ƙara wuta sannu a hankali bisa lokacin da aka saita masa, wani kuwa yana auna yadda mota ke rage gudu ya ba da wuta daidai da haka. Na biyun ya fi dacewa da mai kaya masu nauyi.

Sai maganar mas, wadda ita ce tushen yawancin rikicin fitilu. Wasu kan bar ta, su dogara ga ƙugiya ta mai da wuta. Ƙugiya kuwa tsatsa ce da maiko da rairayi. In an ga fitilun baya na ƙyaftawa tare da na kwana, ko suna dushewa in an taka birki, to a nemi farar waya, a kankare ƙarfe har ya yi haske, a ɗaure ta da ƙusa mai zare.

Ga masu sababbin motoci, kwamfutar mota tana lura da wutar kowace fitila. Yanka waya a jona kai tsaye na iya rikita ta ko ya lalata ta, don haka ana sa akwatin da aka yi domin wannan mota. Manyan kamiyo kuma nasu daban ne, wutarsu volt 24 ce, birkinsu na iska.

Magani ɗaya ne, kuma ba shi da tsada: kada a yarda da launi, a gwada. Mutum ɗaya a ciki yana kunnawa ɗaya bayan ɗaya, ɗaya a baya da fitilar gwaji yana rubuta aikin kowace waya. Bayan an haɗa, a fita fili mai tauri, a yi gudun kilomita 40 a awa, a ja hannun akwatin, a saita ƙarfi daf da inda tayoyi za su cije amma ba su cije ba. Duk ranar da nauyin kaya ya sauya, a sake saiti. A kuma duba ƙaramin batirin remok da igiyar gaggawa, wadda ke kama birki in ƙugiya ta kwance. Ana ɗaure ta a jikin mota ne, ba a kan ƙugiyar ba.

Ma'aikacin da ya sa hannu aka fitar da motar aiki, da attajirin da ya yi wa direbansa lodi zuwa Damagaram, kowannensu na da hakkin ya tsaya ya ga an yi wannan gwaji a gabansa. Rabin awa ne a gareji. Wanda ke biye da remok cikin dare bai san launin waya ba. Abin da ya sani kawai shi ne jar fitila ta kama, ko ba ta kama ba.

Allah ya kiyaye hanya.