Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar NCC, Dakta Aminu Maida

Ranka ya daɗe,

Mutanen Maiduguri sun san darajar sabis, domin sun ɗanɗana rashinsa. A watan Mayun 2013, da aka ayyana dokar ta-ɓaci, an katse layukan waya a Borno, aka shafe watanni ɗa ba ya jin muryar mahaifiyarsa sai ya yi tattaki. Wanda ya ga wannan ba zai so a raba intanet gida biyu ba, ta mai hali da ta talaka. A 2019 hukumarka ta shimfiɗa ƙa'idar da ta hana kamfanoni toshe halastaccen shafi ko rage masa gudu, amma garaɓasar data tana neman shigo da wariyar ta bayan gida.

Kamfanoni suna sayar da data mai araha wadda ba ta buɗe komai sai irin su WhatsApp da Facebook, cikakkiyar data kuwa ta ƙara tsada tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Ɗalibar Jami'ar Maiduguri za ta kwana tana hira a waya, amma da ta nufi shafin rajistar makaranta sai ya ƙi buɗewa. Matashin da ya ƙirƙiro manhajar tallata hulunan Kasuwar Monday kuwa, an kayar da shi tun kafin a shiga fagen kokawa.

Za a ce da babu gara ba daɗi. Amma kuɗin talaka ne, shi ya kamata ya zaɓi inda zai kashe su, kuma Indiya ta haramta irin wannan bambancin farashi tun 2016. Za a kuma ce aiki a Borno akwai tsada: an ƙona turakun sadarwa, sauran kuma da man dizil suke aiki. Wannan gaskiya ne, sai dai domin irin wuraren nan aka kafa asusun tallafa wa sadarwa na USPF, kuma an riga an yi wa kamfanoni ƙarin kuɗi.

Ranka ya daɗe, muna roƙon ka wajabta cewa duk data mai araha ta buɗe kowane halastaccen shafi, kuma a riƙa bayyana ainihin gudun intanet na kowane kamfani a Borno. Allah ya ba ka ikon riƙe amana.

Wassalam,
Daga Maiduguri, Jihar Borno