Ra'ayi: Kada Ka Zuba Kuɗi A Kwamfutar Tebur Ka Yi Rowa A Fawa Saflai

Matasa da yawa da suka fara sana'a da wayar hannu, masu yanka bidiyo da CapCut da masu haɗa fosta da PixelLab, yanzu suna tara kuɗi don su koma kan kwamfutar tebur. Idan mutum ya shiga Titin Beirut a Kano, tambayoyinsa ba sa wuce uku: Core i nawa ce, RAM ɗinta nawa, akwai SSD? Da wuya ka ji wanda ya tambayi akwatin ƙarfen nan mai fanka da ke bayan kwamfutar, inda ake soka wayar wuta. Shi ne fawa saflai, wanda masu gyara suke kira fawa fak ko PSU. A ganina, ga wanda zai kai kwamfutarsa unguwa irin Rijiyar Zaki, wannan akwati shi ya kamata a fara tambaya kafin komai, domin yana iya mutuwa ya tafi da sauran kayan.

Mene ne aikinsa?

Duk mai waya ya san sharrin cajar banza. Ka jona ta, sikirin ya kama danna kansa, batir ya ɗau zafi, bayan 'yan watanni ya kumbura. Fawa saflai cajar kwamfuta ce, sai dai nauyin da ke kansa ya fi na caja nesa ba kusa ba. Yana karɓar wutar soket, wadda a ƙa'idar Najeriya bolt 230 ce, ya mayar da ita ƙananan layuka uku: bolt 12, bolt 5 da bolt 3.3. Daga nan madabod da furosesa da katin girafik da faifan ajiya suke sha.

Tsarin ATX, wanda kamfanin Intel ya fitar a 1995, ya gindaya iyaka ga waɗannan layuka: kada su kauce da fiye da kashi 5 cikin ɗari. Wato layin bolt 12 dole ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6. Mai kyau yana riƙe wannan iyaka ko da kwamfutar tana aiki mai nauyi. Marar kyau kuwa, da zarar ka fara fitar da bidiyo ko ka buɗe wasan ƙwallo, sai wutarsa ta yi ƙasa, kwamfutar ta ɗauke ta dawo da kanta. Nan ne za ka ji ana ɗora wa Windows laifi, ko a ce bairos ne, a goge kwamfuta sau biyu sau uku, matsalar tana nan daram.

Wutar da muke da ita

Rijiyar Zaki, da ke ƙaramar hukumar Ungogo a kan hanyar Gwarzo, tana maƙwabtaka da sabon mazaunin Jami'ar Bayero. Shi ya sa shagunan buga takardu da gidajen wasan kwamfuta suke samun kasuwa a yankin. Filayen da a da gonaki ne yanzu gidaje ne, kuma duk inda gidaje suka riga taransifoma yawa, wutar da ke isa ƙarshen layi ba ta zuwa da ƙarfinta. Kowa ya san irin wutar da ƙwan fitila zai yi ja, fanka tana juyawa kamar ba ta so.

Ga kuma ɗaukewa. A tsarin rukuni na hukumar NERC, wanda KEDCO take bi a Kano da Katsina da Jigawa, 'yan Band A ne aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana, rukuni na ƙarshe kuwa awa 4. A watan Oktoban 2024 yawancin Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan dakon wuta. Abin da wannan yake nufi ga kwamfuta shi ne, a yini ɗaya za ta iya shan wuta iri uku: ta KEDCO da safe, ta ƙaramin janareta da rana, ta inbata da dare. Kowacce da halinta. Wanda yake zaune a Jamus zai iya sa fawa saflai mai arha ya yi shekaru bai ga komai ba, domin wutarsa ba ta gwada shi. Mu tamu kullum jarrabawa take yi masa.

Lambar wat ba ta isa hujja ba

Abin da mai shago zai fara nuna maka shi ne babbar lambar da ke jiki: 500W, 650W. Ƙyale ta tukuna, ka dubi jadawalin da ke ƙasanta. Nemo inda aka rubuta +12V, ka ga amfiya nawa ne, ka ninka da 12. Kwamfutar zamani kusan duk wutarta daga wannan layi take ja. Idan akwati ya ce shi 500W ne amma layin +12V amfiya 18 ne, ƙarfin da furosesa da katin girafik za su samu wat 216 ne kawai. Mai gaskiya, abin da za ka samu a wannan lissafi yana kusa da babbar lambar da aka rubuta.

Sannan ka duba layin wutar shiga. Wanda aka rubuta 100–240V zai ci gaba da aiki ko da wutar unguwa ta faɗo zuwa bolt 170. Wanda aka rubuta 200–240V kuwa, a irin wannan wuta sai ya ɗauke ko ya wahala. A unguwannin da ke fama da ƙarancin ƙarfin wuta, wannan layi ɗaya ya fi ƙarin wat ɗari biyu amfani.

Kuma ba a buƙatar wat mai yawa yadda ake zato. Katin GTX 1650 wat 75 yake ci, kamfanin Nvidia ya ba da shawarar fawa saflai mai wat 300. RTX 3060 yana cin wat 170, shawarar kamfanin kuma 550 ce. Mai wat 450 na gaskiya ya fi mai wat 800 na ƙarya.

Tambarin 80 Plus: abin da yake faɗa da abin da ba ya faɗa

Tun 2004 ake da shaidar 80 Plus. Ma'anarta ita ce, aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da akwatin ya ja tana isa kwamfuta, sauran ya tafi a zafi. Tana da matakai: Bronze, Silver, Gold, Platinum, Titanium. Wannan yana taɓa aljihu kai tsaye. Ɗauki kwamfutar da ke buƙatar wat 200. Fawa saflai mai ingancin kashi 70 zai ja kusan wat 286 daga soket, mai kashi 88 kuma kusan 227. A aikin awa 8 kullum, bambancin ya kai yunit 14 a wata. A farashin Band A na tsakiyar 2024, wato naira 209.5 kowane yunit, kusan naira dubu uku ke nan duk wata a kan kwamfuta guda. Mai shago da ke da kwamfuta biyar sai ya yi lissafinsa. Idan kuma da fetur ko batirin sola ake aiki, asarar ta fi haka ciwo.

Amma tambarin yana auna tattalin wuta ne kaɗai. A 2021, tashar Gamers Nexus ta Amurka ta gwada samfuran Gigabyte guda biyu, GP-P750GM da GP-P850GM, masu tambarin Gold, aka ga da yawa daga cikinsu suna fashewa idan an matsa musu. Daga baya kamfanin ya yi gyara kuma ya buɗe hanyar musanyawa. Babban kamfani ne, tambarin ma na gaske ne, duk da haka aka samu matsala. To ina ga akwatin da ba shi da sunan kowa, wanda aka manna masa sitika a inda ba a sani ba? Kafin ka biya, rubuta cikakkiyar lambar samfurin a wayarka, ka nemi wanda ya gwada shi da na'ura. Wannan aikin minti biyar ne.

Kariya, zafi da ƙura

A jikin kwalin na kirki za ka ga wasu gajerun haruffa: OVP, OCP, OPP, SCP, OTP. Su ne masu kashe akwatin idan wuta ta haura, ko an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, ko wayoyi sun haɗu, ko zafi ya yi yawa. Nan ne masu kayan arha suke rage kuɗi, domin mai saye ba ya gani da ido. Ranar da abu ya faru, mai kariya zai kashe kansa ya tsare madabod. Marar kariya zai tura matsalar ciki, har ta kai ga faifan da ke ɗauke da bidiyon bikin mutane wanda ka riga ka karɓi kuɗinsa.

Abu na biyu shi ne kafasita. Akwai masu jure zafin digiri 85, akwai masu 105, kuma kamfanonin Japan irin su Nippon Chemi-Con da Rubycon da Nichicon su suka yi suna a wannan fanni. Ƙa'idar da injiniyoyi suke amfani da ita ita ce, duk ƙarin zafin digiri 10 yana raba rayuwar kafasita biyu. A Kano zafin Afrilu yana haura digiri 40, balle cikin shago mai rufin kwano. Ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Kafasita mai rauni ba ta iya riƙe wuta na ɗan ƙiftawar nan, kimanin milisakan 16 da ƙa'ida ta tanada, wanda UPS yake buƙata kafin ya karɓi aiki. Shi ya sa wani yana da UPS amma duk da haka kwamfutarsa tana mutuwa idan an ɗauke wuta.

Kwamfutocin hannu

Mafi yawan masu farawa HP ko Dell ko Lenovo ta hannu suke saye, kuma ban ga aibun hakan ba. Fawa saflai ɗin da suke zuwa da shi galibi kamfanoni irin su Delta da Lite-On ne suke ƙerawa, kuma sau da yawa ya fi sabon marar suna. Abu biyu za a kiyaye. Ƙarfinsa kaɗan ne, an yi shi don aikin ofis, saboda haka kada a ɗora masa babban katin girafik. Sannan tsofaffin da aka shigo da su daga Amurka wasu suna da ɗan jan makunni a baya mai 115 da 230. Idan yana kan 115 ka jona a wutarmu, nan take zai ƙone. Duba shi kafin ka soka waya.

Idan na asali ya mutu, tambayi mai gyara me zai sa maka a madadinsa, ka gan shi da idonka. Wasu ƙananan Dell da HP ma filogin madabod ɗinsu na musamman ne, ba kowane fawa saflai yake shiga ba.

Gwajin da za ka iya yi a shago

Masu gyara suna haɗa koriyar waya da baƙa don su ga ko fanka za ta juya. Wannan yana nuna cewa akwatin bai mutu ba, iyakarsa ke nan. Ka nemi a jona shi a kwamfuta, a ba ta aiki mai nauyi na kamar minti ashirin, a auna da mita: rawayar waya bolt 12, ja bolt 5, mai ruwan lemo 3.3. Saurari fanka, ka shinshina ko akwai ƙauri. Ɗaga shi a hannu. Wanda ba shi da nauyi sam alama ce an rage kayan ciki, ko da yake nauyi kaɗai ba ya tabbatar da inganci. Tambayi garanti, a rubuta a rasit. Kada kuma ka buɗe cikinsa da kanka, domin manyan kafasitocin suna riƙe wuta mai haɗari ko bayan an cire waya.

"Ai ina da sitabilaiza"

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa, tare da maganar tsadar rayuwa. Sitabilaiza yana taimakawa wajen ɗaga wuta mai rauni, amma irin na gida ba shi da saurin tare tsalle na farat ɗaya, kuma ba ya gyara abin da fawa saflai yake fitarwa ciki. Haka shi ma fawa saflai mai kyau ba zai tsira ba idan wayar nutural ta tsinke a layi, wuta ta nufi bolt 400. Don haka kowanne da aikinsa. A sa na'urar yanke wuta irin wadda ake sa wa firji, a tabbatar soket yana da wayar ƙasa, musamman idan jikin kwamfutar yana ɗan jan hannu. Mai sayen inbata ko UPS kuma ya nemi mai fitar da wuta mai santsi irin ta layi, domin wasu fawa saflai na zamani ba sa jituwa da ƙananan inbata masu arha.

Maganar kuɗi gaskiya ce, babu mai musun ta. Amma RAM za ka iya ƙarawa wata mai zuwa, SSD ma haka, kuma ƙarancinsu bai taɓa ƙona wa kowa kwamfuta ba. Idan kuɗin bai kai ba, rage a can. Sayi furosesa mai mataki ɗaya ƙasa, ka haƙura da fitilun ado na jikin akwati, ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin goma na kuɗin ga fawa saflai mai suna, mai 100–240V, mai kariya da garanti. Hausawa sun ce garin neman gira a kan rasa ido, kuma a nan idon shi ne jarin da ka shafe shekara kana tarawa.