Daga Gidajen Opera zuwa Dandalin Dawce: Wasa Ke Kiran Gini

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a tarurrukan ƙungiyoyin al'adu na jahar Damagaram, wai wasan kwaikwayo ya ja baya ne saboda rashin babban zaure. Masu wannan ra'ayi sukan kawo misalin gidajen opera na Turai, su ce da hukuma za ta gina wa ƙananan garuruwa irin su Dawce, a yankin Matameye, ko da ƙaramin kwatankwacinsu, da al'ada ta farfaɗo. Niyyarsu mai kyau ce, amma tarihin gidajen da suke ambato ba ya goyon bayansu.

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera maganganunsa cikin waƙa tare da kiɗa. An fara shi a fadojin Italiya wajajen 1600, sarakuna da baƙinsu kaɗai ke kallo. A 1637 aka buɗe gidan San Cassiano a birnin Banis, inda kowa ke iya biyan kuɗin shiga ya kalla. Abin da ya sauya tarihi a nan shi ne ƙofa da mai karɓar kuɗi a bakinta, domin daga ranar mawaƙi ya fara cin abinci daga aljihun jama'a. Manyan gine-ginen da ake sha'awa sun zo daga baya ƙwarai: La Scala ta Milan a 1778, gidan Garnier na Paris a 1875. Kafin a ɗora tubalinsu na farko, an riga an sami mawallafa da makaɗa da ƴan kallo na tsawon zuriya da zuriya.

Inda aka juya wannan tsari, aka fara da gini, sakamakon sananne ne. Isma'il Pasha ya gina gidan opera a Alƙahira a 1869 don bikin buɗe mashigin Suwez, domin ya nuna wa Turawa cewa Masar ta zama tsararsu. Bashin da irin wannan facaka ta tara na cikin abin da ya raba shi da mulki a 1879. Gidan ya ƙone a 1971, yau kuwa wurin ajiyar motoci ne ke tsaye a filinsa. A Manaus ta ƙasar Barazil, attajiran roba sun kammala nasu a 1896 a tsakiyar dajin Amazon, da marmara da fitilun da aka yo odarsu daga Turai. Da kasuwar roba ta faɗi, gidan ya shafe shekaru masu yawa ba a jin muryar opera a cikinsa. Kusa da gida ma, babban gidan wasa na Legas da aka gina don bikin FESTAC na 1977, bisa fasalin wani zaure na ƙasar Bulgeriya, ya daɗe cikin lalacewa kafin a zuba maƙudan kuɗi a gyara shi.

Darasin da ya fi amfani yana Bayreuth ta Jamus. Wagner ya buɗe gidansa a 1876, mafi yawansa itace da jan bulo, ba wani ado. Ya ɓoye makaɗa a rami ƙarƙashin dandamali don kada kiɗa ya danne muryar mawaƙi. Wato an auna ginin ne da wasan da za a yi a cikinsa, daidai ruwa daidai tsaki.

To, wane wasa ne za a auna wa gini a ƙasar Damagaram? Wasan nan yana da tarihi. Bayan 1974 gwamnatin Seyni Kunce ta farfaɗo da samariya, aka riƙa yin bikin matasa na ƙasa, ƙungiyoyi suna gasa daga ƙauye zuwa gunduma zuwa jaha. A Damagaram ne Yazi Dogo, wanda malamin makaranta ne, ya jagoranci ƙungiyar da wasanninta na Hausa suka game ƙasa ta rediyo da talabijin. Ƴan wasan kan tsara labari tare, kowa ya cike maganarsa da bakinsa, ƴan kallo suna shewa suna tanka masu. Haka wasan kara yake, inda samari ke kwaikwayon masu mulki a sarari, gaban kowa. Irin wannan wasa yana son fili da iska da jama'a kusa da ɗan wasa. Idan aka kulle shi cikin zauren siminti mai rufin kwano, amsa-kuwwa ta cinye magana, zafin watan Afrilu ya kori masu kallo, daga ƙarshe zauren ya koma wurin bikin aure da taron siyasa.

Nijar ta taɓa gane wannan. Cibiyar al'adu ta Umaru Ganda da ke Yamai dandalinta a buɗe yake, sama ce rufinsa. Filayen kokowa kuwa, da suka biyo bayan gasar ƙasa da aka fara a Tawa a 1975, an zagaye su ne yadda ƴan kallo suka saba zagaye ƴan kokowa tun kaka da kakanni, kuma ba a taɓa roƙon kowa ya cika su ba.

Za a ce damina da ƙurar hunturu suna hana wasa a fili, kuma ɗan wasan da ba shi da ƙofa ba shi da kuɗin shiga. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne iyakar abin da ya kamata a gina: katanga mai ƙofa ɗaya, dandamali mai rumfa, ɗakin ajiye kalangai da tufafin wasa, fitilu masu aiki da hasken rana, da itatuwan bedi don inuwa. Maginan gargajiya na yankin sun iya wannan da ƙasar wurin. A Laongo ta Burkina Faso, inda aka aza harsashin “ƙauyen opera” a 2010 bisa zanen Francis Kéré, makaranta aka fara ginawa, sannan ɗakin shan magani.

Saboda haka nauyin yana kan malamai da ƙungiyoyin al'adu kafin ya kai kan magajin gari. Kowace makaranta a Dawce da kewayenta tana iya kafa ƙungiyar wasa a bana, ta yi wasa ɗaya kowane zangon karatu a farfajiyarta, a gayyaci iyaye da makaɗan gari. Kuɗin da ake nema don rufin kwano a fara neman su don horar da masu koyar da wasa da kuma ladan gasa tsakanin makarantu. Ranar da farfajiya ta kasa ɗaukar jama'a, masu neman gini za su je gaban hukuma da hujja a hannu, kuma za su san faɗin da za su auna.