Buhun Shinkafa Ba Ya Mai Da Mutum Gida

Ya ku jama'ar Bugaje da kewaye, maza da mata, manya da yara. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a majalisa, a bakin masallaci, a cikin gida inda iyayenmu mata za su ji. Maganar ta kowa ce.

Zaɓen 2027 ya gabato. Motoci za su shigo da ƙura, a raba atamfa da sabulu da taliya, a buga ganga, a watse. Kafin su iso muna so mu aje magana ɗaya a gabanku, watau maganar 'yan uwanmu da 'yan bindiga suka raba da gidajensu. Kun san su. Waɗansu suna kwana a zaurukanku, waɗansu a kangaye cikin Jibia da Magama, waɗansu kuwa sun ƙetara Nijar. Jiya manoma ne masu rumbu da shanun huɗa. Yau ana kiransu 'yan gudun hijira.

Bari mu tuna yadda abin ya zo, don kada wani ya zo ya juya mana tarihi. A 2019 dubban mutane daga Katsina da Zamfara da Sakkwato suka gudu jihar Maraɗi, har aka zaunar da waɗansu a ƙauyuka irin su Garin Kaka da Cadakori. A watan Agusta na wannan shekara gwamnatin tarayya ta rufe iyaka, ba a buɗe ta Jibia ba sai Afrilu 2022. A Disamba 2020 aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar sakandare ta Ƙanƙara, aka rufe makarantun kwana, iyaye da yawa suka ji tsoron boko gaba ɗaya. A 2021 aka rufe hanyar Jibia zuwa Gurbin Ɓaure, aka hana cinikin dabbobi a kasuwa, aka yanke layin waya. A Maris 2022, da aka janye sojoji daga Shimfiɗa, mutanen garin suka kwararo Jibia, aka zuba su a makarantar sakandaren 'yan mata. Sannan a 2023, bayan juyin mulkin Nijar, aka sake rufe iyaka har zuwa Maris 2024.

To, jama'a, ku duba wannan lissafi. Ɗan bindiga ya hana talaka gona, rufe iyaka ya hana shi fatauci, rufe kasuwa ya hana shi sayar da akuyarsa. Ta ina zai ci? Yaron da aka fitar daga aji uku a 2019 yanzu ya zama saurayi, kuma bai iya rubuta sunansa ba.

Ba mu ce ba a yi kome ba. An kai shinkafa da tabarmi da barguna, Allah ya saka wa waɗanda suka kai. Amma buhu kwana nawa yake yi a gida mai mutum 10? In ya ƙare sai a koma layi. Mutumin da ya saba ciyar da baƙo ba ya son ya tsufa yana miƙa hannu. Abin da yake nema biyu ne: ɗansa ya koma makaranta, shi kuma ya koma neman na kansa. A kan waɗannan biyu jam'iyyarmu ta tsaya.

Na farko, ilmi. Ku sani ba alfarma ba ce. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ce kowane yaro a Nijeriya zai yi shekara 9 yana karatu kyauta kuma tilas, 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Dokar ba ta ce ban da wanda aka kora daga garinsu ba. Saboda haka in kun ba mu amana, ga abin da za mu yi.

Duk yaron da ya zo gudun hijira za a rubuta shi a makarantar da ta fi kusa da shi, ba tare da an ce sai ya kawo takardar canjin makaranta ko ta haihuwa ba. Wanda ya tsere da dare ba takalmi, ina ya ga takarda? Inda aji ya cika, a raba karatu kashi biyu, na safe da na yamma, a biya malami ladan aikin da ya ƙaru. Yaran da suka yi shekaru ba karatu, a buɗe masu aji na musamman su cimma tsararsu, don duk malamin da ya riƙe alli ya san ɗan shekara 14 ba zai zauna tsakanin 'yan shekara 6 ba, kunya za ta kore shi cikin mako guda. A ba yara abinci sau ɗaya a makaranta, domin yunwa ce ke tura yarinya talla, ta tura yaro bara. Kuma makaranta ta daina zama sansani. In an zuba mutane a aji, an raba yara kashi biyu da karatu ke nan, na baƙi da na 'yan gari.

Wannan har da 'ya'yan Fulani. Rugage nawa aka tasa, shanu nawa aka kora? Tun 1989 akwai hukumar ilmin makiyaya a ƙasar nan. Yaron ruga da bai ga allo ba, bai ga alli ba, shi ne wanda gobe za a miƙa wa bindiga. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, sana'a. Manomin da ya rasa damina ɗaya ya ci irinsa, in ya rasa ta biyu ya sayar da shanun huɗa, in ya rasa ta uku sai bashi. Don haka taimako ya zo kafin ruwan shuka, ba bayan gero ya yi bunni ba: iri, taki, da aron garma da shanu ta hannun ƙungiyoyin manoma. Ga madatsar ruwa ta Jibia a kan gulbin Gada, tun farkon shekarun 1990 take nan. Za mu matsa a gyara magudanan ruwanta, a keɓe filayen noman rani ga waɗanda gonakinsu ba su shiguwa. Matan da aka kashe wa maza, a ba su awaki da jarin ƙuli-ƙuli, man gyaɗa ko ɗinki, in akuya ta haihu a miƙa 'yar ga wata. Masu masauki kuma, waɗanda suka raba tukunyarsu biyu ba wanda ya tambaye su, a sa su cikin lissafi. Kuma a rubuta sunayen masu karɓa a gaban mai gari da liman da wakilan 'yan gudun hijirar kansu, a karanta a fili, don kada kayan marayu su ɓace a hanya.

Wani zai ce, ai tsaro ne gaba, sauran duk daga baya. Lalle tsaro ne gaba, ba mu musa ba. An yi sulhu a Jibia a 2025, muna roƙon Allah ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa. Amma yaro ba ya daina girma don ana jiran tsaro. Kuma wanda ya koma gida ya tarar da rumbu toka, makaranta ba rufi, gona ba iri, zai sake fitowa ko ba a harba bindiga ba.

Wani kuma zai ce, ina kuɗin? Ku ba shi amsa. Waccan doka ta 2004 ta keɓe kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilmin firamare da ƙaramar sakandare, jiha ta aje nata kason ta karɓi na tarayya. Bugu da ƙari, a Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Kuɗi akwai. Abin da ake nema shi ne wakilin da zai tsaya ya ce ga inda za a sa su, kuma ya dawo ya faɗa maku nawa aka kashe.

Ya ku 'yan uwa da kuka baro gidajenku, an raba ku da gona, amma ba a raba ku da ƙuri'a ba. Ku adana katinku kamar yadda kuke adana iri. Wanda nasa ya ƙone ko ya ɓace a gudu, ya zo wurin wakilanmu na mazaɓa su raka shi ofishin hukumar zaɓe a Jibia ya ji matsayinsa. Kada ku ba kowa katinku ya riƙe maku.

Duk ɗan takarar da ya zo, har da namu, ku yi masa tambaya uku: yaranmu wace makaranta za su shiga, kuma yaushe? Iri da taki a wane wata za su zo? Wa zai riƙe takardar sunaye? In ya kasa amsawa, ku karɓi gaisuwarsa, ku riƙe ƙuri'arku. Mu mun rubuta tamu amsar, ga ta a hannunku. Ku aje wannan takarda, in mun ci ku fito da ita ku tuhume mu.

Ranar zaɓe ku fito da sassafe, maza da mata, ku dangwala wa alamar da ke bangon wannan takarda, ku tsaya har a ƙirga a gabanku.

Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, ya ba talaka nasara. Amin.