A Raɗa Wa Makunnin Wuta Sunan Hausa

Magidanci a Mada wanda ya gina gida mai dogon zaure yakan so ya kunna ƙwan lantarki daga ƙofar waje, ya kashe shi in ya isa tsakar gida. Aikin ba shi da wuya. Ana sa makunni biyu, kowanne da baki uku a bayansa: ɗaya na tushe, biyu na wayoyin da ke haɗa makunnan. In ana son wuri na uku, sai a ƙara wani mai baki huɗu a tsakaninsu.

Wuyar tana wajen suna. Mutanen Ingila, waɗanda Nijeriya ta gaji tsarinsu, suna ce wa mai baki ukun nan mai hanya biyu, na ukun kuwa na tsakiya. Amurkawa suna ce musu mai hanya uku da mai hanya huɗu. To, ɗalibin da malaminsa ya koyar da shi da littafin Ingila, shi kuma ya duba aikin Amurkawa a intanet, ina zai kama?

A kasuwar Gusau rikicin ya fi haka. Mai saye ya ce a ba shi mai biyu, sai a miƙo masa mai maɓalli biyu, watau na ƙwai biyu daga wuri guda, alhali mai hanya biyu yake nufi. Sai an koma gida a gane, ga asarar kuɗin mota, ga ranar aiki ta tafi. Wani ma'aikacin kuwa ba zai koma ba, dabara zai yi da abin da ya samu, kuma wutar da ta kai bolt 230 ba ta yafe dabara.

Hukumar Kula da Ilmin Fasaha ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1977, ita ce ke tsara manhajar kwalejojin fasaha irin ta Ƙaura Namoda da ta Abdu Gusau a Talata Mafara. Ya kamata ta zauna da masana Hausa na jami'o'i, a kuma gayyato masu aikin wuta na Tsafe da Bunguɗu, domin su ne za su furta sunayen kullum. Ga shawara: makunni tilo ga na wuri ɗaya, makunnin karɓa-karɓa ga na wuri biyu, makunnin tsakiya ga na uku zuwa sama. Yawan maɓalli kuwa a faɗe shi daban, kuma 'yan kwangila su rubuta duka biyun a takardar lissafin kaya kafin magidanci ya biya.