Manhajar da aka tantance ba lallai ita ce a wayarka ba

Ranar 13 ga Agustan 2020, kamfanin Epic Games ya kunna sabuwar hanyar biyan kuɗi a wasan Fortnite, don kauce wa kashi 30 cikin 100 da Apple da Google ke cira. Bai kai sauyin gaban masu tantancewa ba. Daga kwamfutocinsa ya aiko da umarni, wayoyi suka karɓa. A ranar aka cire wasan daga App Store da Play Store.

Ko wa ke da gaskiya a rigimar, abin dubawa daban ne. Yawancinmu mun ɗauka manhajar da ta shiga shagon Apple ko Google ta tsallake siratsi ke nan, alhali abin da aka duba shi ne yadda take a ranar da aka miƙa ta.

Ba kowane sauyi ne laifi ba. Dole manhajar labarai ta riƙa sauya kanu, ta kasuwa kuma farashi. Ba wanda zai jira izinin Apple kafin ya gyara kuɗin buhun shinkafa. Abin da ƙa'idar kamfanin ta hana shi ne sauko da shirin da zai canza ainihin aikin manhajar.

Sai dai mai waya ba ya ganin bambancin. Sabuntawar da ta bi ta shago tana da lamba da kwanan wata, wadda ta biyo ta bayan fage kuwa shiru kake ji. Kamata ya yi Apple da Google su wajabta cewa duk sauyin da ya shafi kuɗin mutum ko bayanansa, sai an sanar da shi a fuskar waya ya amince kafin ya fara aiki.