Wa Zai Tare Ta Idan Ta Faɗo?

Yau ina so in taɓo wani abu da ya zama yayi a makarantunmu na Potiskum, musamman masu zaman kansu, duk lokacin da aka zo wasannin inta-haus. Bayan fareti da tseren buhu da na ƙwai a cokali, sai a fito da wasu yara a ce za su yi dala. Huɗu ko biyar su durƙusa, wasu su hau gadon bayansu, wasu su ƙara hawa, can ƙarshe a ɗauko yarinyar da ta fi kowa ƙanƙanta a miƙa ta sama ta tsaya tana kaɗa tuta. Iyaye su yi ta tafi, babban baƙo ya taso ya yi liƙi. Maza kuma su biyo baya da alkafura a kan filin da hunturu ya busar ya zama kamar daɓe. Abin gwanin ban sha'awa, ban musa ba. Amma a ganina yadda muke yin sa ganganci ne, kuma gyaransa bai kai tsadar da ake zato ba.

Bari in faɗi inda na samo bakin magana. Na yi shekaru a jihar Tekzas ta Amurka kafin mu tattaro mu dawo gida, kuma a can 'yata ta biyu ta shiga ƙungiyar da su ke kira ciyalidin. Ni 'yan zuga na sa musu, domin asalin aikin nasu bai wuce na maroƙin da ke zuga ɗan dambe ba: su tsaya gefen fili suna kirari da tsalle don 'yan ƙwallonsu su ji ƙarfi. Shekara uku ina kai ta ina ɗauko ta, har mai koyar da su ta jawo ni cikin iyayen da ke taimakawa da shimfiɗa katifu da tsayawa tsaro. An fara abin ne a jami'ar Minesota a 1898, kuma maza zalla ne ke yi. Shi kansa George Bush ƙarami ya yi a zamanin da yake ɗalibi. Mata sun mamaye shi ne lokacin yaƙin duniya na biyu, da maza suka tafi fagen daga. Sannu a hankali aka cusa masa alkafura da ɗaga mutum da cilla shi sama, har a 2021 kwamitin Olamfik na duniya ya amince da hukumarsa a matsayin cikakkiyar hukumar wasa.

Sai dai sun ji jiki kafin su yi hankali. A 2012 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta bayyana cewa cikin shekara 25, kusan kashi biyu cikin uku na munanan raunukan da suka sami 'yan mata 'yan wasa a sakandare, irin na kai da wuya da laka, daga wannan wasa suka fito. A 2006 wata ɗaliba a jami'ar Kudancin Ilinoi ta rikito daga saman dala a kan katakon filin ƙwallon kwando, ta samu karaya a ƙashin wuya, duk ƙasar ta gani a talabijin. Bayan wannan aka ƙara tsaurara dokoki. An hana cilla mutum sama a kan ƙasa mai tauri, kuma a sakandare dala ba ta wuce tsayin mutum biyu. Ka ji fa, mai karatu, a ƙasar da ke da katifu masu kauri da motar asibiti a bakin fili. Mu kuwa hawa uku, wani lokaci huɗu, a kan tsandauri.

Na san wani zai ce ai tamu dalar ta durƙuso ce, ba ta kai tasu tsayi ba. Haka ne. Amma idan ta rushe, a kan na ƙasa take rushewa, kuma na sha ganin yaro ya kafa gwiwarsa a tsakiyar bayan ɗan'uwansa, inda babu abin da ke tallafe da ƙashin. Wurin dafawa biyu ne kacal, saitin kafaɗa da saitin ƙugu, inda hannu da cinya suke tokare da ƙasa. Wannan ba ya buƙatar ko kwabo, faɗa kawai za a yi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, sashen da ya fi wuya a wasan nan mu ne muke da shi tun kaka da kakanni. Duk macen da ta tashi a garin nan kafin talabijin da waya su cinye dare ta san gaɗa. A yi rabin da'ira a farin wata, ana tafi ana waƙa, ɗaya ta fita, ta juyo, ta saki jikinta ta faɗo da baya ba tare da ta waiga ba, sauran su cafe ta su cilla ta gaba. Ranar farko da na ga mai koyarwar 'yata tana lallashin 'yan mata su yarda su faɗa da baya hannun ƙawayensu, wai darasin sati guda ne, dariya ta kusa kama ni. Mu wa ya koya mana? Kuma gaɗa tana da tsarinta ko da ba a rubuta ba: manya masu ƙarfi su ne a tsakiya inda nauyi zai sauka, ƙanana a gefe suna tafi, waƙa ce ke gaya wa kowa lokacin faɗowa, kuma wadda ta janye hannu ta bar ƙawarta ta sha ƙasa, ranar ta shiga uku a dandali. Su can da ƙirga ɗaya zuwa takwas suke yin abin da mu muke yi da amshi. Idan ƙawar 'yata ta taɓa ƙasa, duk ƙungiyar ce ke zagaye fili da gudu, har waɗanda ba su kusa. Dokar dandali ce sak.

To me suka fi mu da shi? Tsani. Ba a hawa mataki sai an gama da na ƙasansa, kuma mai koyarwa ce ke cewa an gama, ba yaro ba, ba kuma ranar biki ba. Ana fara ɗaga yarinya ne a kan cinyoyin mutum biyu, tsayin da ko ta zame tsayuwa za ta yi. Sai zama a kafaɗa. Sai a riƙe tafin ƙafarta daidai ƙirji. Miƙa hannu sama gaba ɗaya kuwa sai bayan watanni. A kowane mataki, sauka ake fara koya kafin hawa. Masu ɗauka da cinya suke ɗagawa, bayansu a miƙe, sun matso juna, idonsu a kan wadda ke sama ko da tanti ya kama wuta. Ita kuma ta ƙame jikinta, ta haɗe ciki, kada ta kalli ƙasa. Na kan gaya wa yara: wanne ya fi sauƙin ɗagawa da hannu ɗaya, taɓarya ko jiƙaƙƙen zane? Nan take suke ganewa.

Sannan akwai wadda ba a tafa mata, mai tsaron baya. Ba ta ɗaukar kowa don hoto, ita ce ke ƙirga, ita ce ke riƙe da idon sawu, kuma idan abu ya ɓaci aikinta guda ne: kai da wuyan yarinyar nan kada su taɓa ƙasa, ta zura hannu ta hammata ta rungume ta. A can yarinyar da ta fi kowa tsayi da natsuwa ake ba wannan wuri. A nan ban taɓa ganin an tanadi kowa ba. Bara na je wata makaranta ana gwaji, na ga malamin wasanni can nesa da usur a baki. Na ce, “Malam, sannu da ƙoƙari. Wa zai tare ta idan ta faɗo?” Ya ce, “Haba Hajiya, ai ba ta faɗowa, sati biyu ke nan muna yi.” Ban ga laifinsa sosai ba. Lissafi yake koyarwa, aka ɗora masa wasanni don shi ne matashi, aka kuma nuna masa bidiyo a waya aka ce irin wannan ake so.

Mu koma kan maza. Kowa ya san Potiskum garin tirela ne, don haka tsohuwar taya ba ta wuya. Ka bi duk unguwar da tifa ta juye yashi za ka tarar da yara sun jawo taya, su sheƙo da gudu, su taka ta, su juya a iska su dira. Babu wanda ya koya musu, kuma wallahi akwai waɗanda da a Tekzas suke da tuni ana rububinsu. Uche Eke, wanda shi ne ya fara wakiltar Nijeriya a wasan alkafura na Olamfik, a Tokyo a 2021, kuma ya ci zinare a wasannin Afirka na Rabat a 2019, a Amurka aka haife shi, can kuma ya samu horo. Ba don babu irinsa a kan yashin unguwarmu ba. 'Yan Koroso na Kano ma shaida ne cewa idan aka tattara irin yaran nan aka ba su malami, jikinsu yana yin abin mamaki.

Amma koyon kai yana zuwa da mugun sabo. Kusan duk yaron da na gani yana alkafurar baya, kansa yake fara wurgawa baya, sai ya juya ƙasa-ƙasa, ƙeyarsa na wucewa 'yar tazara kaɗan daga ƙasa. A kan yashi ya tsira, ranar inta-haus a kan tsandauri fa? Yadda ake koyarwa, tashi ake fara yi sama, hannuwa a miƙe, ido na kallon gaba, sai an kai ƙololuwa sannan a jawo gwiwa. Wadda ake dafa ƙasa da hannu kuwa, sai a yi kamar za a zauna a kujerar da babu, sannan a tunkuɗa baya, hannu manne da kunne, gwiwar hannu ba ta lanƙwashe ba. Kuma ba a barin yaro ya fara ta sai ya iya tsayuwa a kan hannunsa jikin bango ba rawar kafaɗa, ya iya dungure gaba da baya haɓa a ƙirji, ya iya lanƙwasa baya ya taso. Dirowa ma darasi ce: gwiwa a ɗan karye, ba a sandare ba. In faɗuwa ta zo ta baya, kada a kai hannu a tokare, nan ne wuyan hannu da gwiwar hannu ke karyewa. A dunƙule a mirgina. Yara ba sa son wannan sashe, sun fi son tashi. Shi ya sa ake buƙatar babba.

Kuma don Allah a daina ce wa yaro matsoraci. A Tokyo ɗin nan dai, Simone Biles, wadda ta fi kowa lambobin yabo a tarihin wasan, ta janye daga gasa saboda ta daina gane inda jikinta yake a iska. Yaron da ya ce yau jikinsa bai ba shi ba, gaskiya ya faɗa. Wanda aka yi wa dariya har ya daure ya tashi, shi ne ke fasawa a tsakiyar juyi ya sauka da wuya.

Akwai masu cewa a soke abin baki ɗaya, wasu don tarbiyya, wasu don wai makarantar da ba ta da benci me ya kai ta dala. Na farko ina tare da su rabin hanya. Ɗan guntun siket ɗin Amurka ya zauna can inda yake, ba abin da ya haɗa shi da iya wasa. Mata su yi da malama mace, maza da namiji, wando dogo, riga mai hannu. Hijabi dai ya zama ɗan ƙarami mai kama kai, babu allura, domin mai yalwa yana rufe ido ko ya sarƙe a hannun mai tarewa. Na biyun kuwa ban yarda ba. Ko an soke a makaranta, taya da yashi suna nan a unguwa. Sannan garin da ya ga shekarun 2012 zuwa 2015, da dokar hana fita, da ranar 10 ga Nuwamba 2014 da bam ya kashe ɗalibai sama da 40 a taron safe na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Gwamnati, ya san darajar fili cike da yara suna ihu don murna. Ba na so a rage ko ɗaya daga cikin wannan.

Abin da nake roƙon shugabannin makarantu kaɗan ne. A haƙa wuri a zuba yashi mai laushi, a riƙa tona shi kafin kowane gwaji don kada ya daskare, a kuma yi wasan a nan ko ranar biki, ko da babban baƙo zai ɗan juya kujerarsa. A fara gwaji tun farkon zango, ba saura sati biyu ba. Kada dala ta wuce hawa biyu, kada a cilla kowa sama. Muna da Kwalejin Ilimi ta Tarayya a cikin garin nan tana yaye malamai. Horon kwana biyu ga malaman wasanni lokacin hutu ba zai gagara ba in an nema.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi damuna, wato abin da muke yi bayan faɗuwar. Da yaro ya faɗi sai mu ruga mu ciccibe shi, mu girgiza, mu zuba ruwa, mu ce tashi ka taka. In ya sauka da kai ko wuya, ya ce wuyansa na ciwo, ko hannu ko ƙafa sun yi sanyi ko ba ya jin su, to a bar shi yadda yake, mutum ɗaya ya riƙe kan da hannu biyu kada ya motsa. In dole a ɗauke shi, a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum huɗu ko biyar a tare, ba a naɗe shi cikin keke napep kai na lilo ba. Wuya ba aikin mai ɗori ba ne. Wanda kuma ya bugu a kai, ko ya miƙe ya ce lafiya lau, ya gama wasa ranar. In ya fara amai ko magagi, asibiti kai tsaye. A tuna kuma cewa in raunin na ƙashin baya ne, ƙila sai an dangana da asibitin ƙashi na Dala a Kano, wanda ke kusan kilomita 300 daga nan ta hanyar Azare.